Ma'anar "Nafsun Nabatiyya": Ran da Ke Cikin Tsiro

Wanda ya leƙa littattafan falsafa na Larabci zai ci karo da kalmar nafsun nabatiyya. Nafs rai ke nan, nabat kuma tsiro. Wato ran tsiro.

Asalin maganar daga Girka take. Aristotal, wanda ya rasu a shekara ta 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya kasa rai gida uku: na tsiro, na dabba, da na ɗan Adam mai hankali. Na tsiro aikinsa ci da girma da hayayyafa. A ganinsa itace ba ya ji, ba ya sha'awa, saiwarsa ce bakinsa. A nan ya saɓa wa malaminsa Aflatun, wanda ya ce tsiro na jin daɗi da zafi.

Da aka fassara ilimin Girkawa a Bagadaza, masanan Musulmi ba su tsaya haddace shi kawai ba. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi bayanin yadda wannan rai ke ciyar da jiki ta ƙarfi huɗu: mai jawo abinci, mai riƙe shi, mai narkar da shi, da mai fitar da abin da ya rage. Abin da ya fi burge ni shi ne bai keɓe wannan rai ga itatuwa ba. Yana cikin doki, yana cikinka. Shi ke aiki kana barci, abincin dare na narkewa, farce na tsawo ba da saninka ba.

Ikhwanus Safa, wata ƙungiyar masana falsafa ta Basra, a ƙarni na 10, sun jera tsirrai hawa-hawa, suka ɗora dabino a can ƙololuwa, dab da dabbobi. Hujjarsu? Yana da namiji da mace, sai an yi masa barbara yake 'ya'ya, kuma in aka sare kansa ya mutu ke nan. Duk manomin dabino zai gyaɗa kai.

Kalmar ba ta mutu ba. A 1972 wasu likitoci biyu, Bryan Jennett da Fred Plum, suka laƙaba wa wani hali na mai raunin ƙwaƙwalwa sunan "halin tsiro": yana numfashi, jikinsa na karɓar abinci, yana buɗe ido, amma babu alamar ya san inda yake.