Sauya wa mota altaneta mai ƙarfi: tambayoyi da amsoshi

Mene ne ainihin aikin altaneta, tunda ga batir a mota?

Aikin batir shi ne tayar da injin. Da zarar mota ta tashi, altaneta ce ke ciyar da fitilu, esi, rediyo da kwamfutar mota, sannan ta mayar wa batir abin da ya kashe. Fambel ke juya ta, wani ɗan ƙaramin sashe a cikinta kuma yana riƙe wutar tsakanin bolt 13.8 zuwa 14.4. Yawancin ƙananan motoci suna zuwa da mai amfiya 70 zuwa 150 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da altaneta ke bayarwa), gwargwadon kayan da kamfani ya sa musu.

Yaushe za a ce wadda ke jikin motar ta gaza?

Sai an ɗora mata kayan da ba a ƙera ta dominsu ba. Amfilifaya mai wat 1000, idan aka ƙure ta, tana iya jan kusan amfiya 90 ita kaɗai. Inbata mai wat 1000 ma kusan haka take ci. Motar da ke da altaneta mai amfiya 90 ba za ta ɗauki wannan ba, ga fitilu da fankar injin suna jiran nasu kason. Giɓin kuwa daga batir ake cike shi, har ya ƙare.

Amma kafin a kashe ko sisi, a auna. A sa mita a kan batir: lafiyayye yana nuna kusan 12.6 idan mota a kashe take. A tayar da ita, a kunna duk abin da ake amfani da shi. Idan ya tsaya sama da 13.5, altanetar na wadatarwa. Idan ya faɗi ƙasa da 13, akwai matsala, sai dai sau da yawa fambel ne ya saki, ko kan batir ya yi tsatsa, ko buroshin ciki ya cinye. Gyaran waɗannan bai kai rabin kuɗin sabuwa ba.

Ina roƙon masu mota da abu ɗaya: kada ku yarda a cire kan batir mota tana aiki wai don a gwada caji. Wutar na iya yin tsalle ta ƙona kwamfutar motar.

Babbar altaneta ba za ta ƙona batir ko kayan wuta ba?

A'a. Kowane abu yana jan abin da yake buƙata ne kawai, muddin sashen da ke daidaita wutar lafiyarsa ƙalau.

To me ya sa wasu suke sa mai amfiya 200 amma fitila na dusashewa a cunkoso?

Nan ne aka fi yin asara. Lambar da aka rubuta a jikin altaneta, abin da take bayarwa ne lokacin da take juyawa da gudu sosai. Idan mota na tsaye injin yana aiki a hankali, abin da ke fitowa yana iya raguwa zuwa rabi. Wasu da aka sake naɗe musu waya don su ba da babbar lamba, a tsaye ma ba sa kai na asali. Zafi kuma yana ƙara rage ƙarfinta. Don haka mai yawan zama a cunkoso da esi a kunne, tambayar da zai yi wa mai sayarwa ita ce: amfiya nawa take bayarwa injin yana a tsaye? Ƙaramin fuli, wato ƙarfen da fambel ke zagayawa a kansa a gaban altaneta, yana taimakawa wajen saurin juyawa, amma yana sa fambel zamewa.

Ita kaɗai za a sauya?

Ba zai yiwu ba. Siririyar waya ba ta ɗaukar wuta mai yawa, zafi take yi, har ta kai ga gobara. Wayoyi uku ake ƙara wa kauri: daga altaneta zuwa kan batir mai alamar tarawa, daga ɗaya kan zuwa bodi, sai daga injin zuwa bodi. Ta farkon lallai a sa mata fiyus daidai ƙarfin wayar, kusa da batir. A kuma kankare fenti a inda waya za ta haɗu da bodi.

A sababbin motoci da yawa kwamfuta ce ke ba altaneta umarni. Idan aka sa wadda ba ta jin wannan umarnin, fitilar batir za ta kama a gaban direba, ko cajin ya ƙi daidaita.

Ƙara batir na biyu ba zai wadatar ba?

Batir rumbu ne, ba gona ba. Yana amfani ga mai kunna kaya mota a kashe, amma altanetar ce dai za ta cika su biyun.

Man da mota ke sha zai ƙaru?

Gwargwadon wutar da aka ja. Amfiya 100 a bolt 14 wat 1400 ke nan, kuma da yake kusan rabin ƙarfin yana tafiya a zafi, injin zai ba da ƙarfin doki uku zuwa huɗu. Ƙaramin injin zai ji wannan nauyin, musamman a tsaye. Idan ba a kunna kayan ba kuwa, bambancin kaɗan ne.