Karatun Firamare a Wajen Aji: Tambayoyi da Amsoshi kan Tsarin Ƙasar Denmak

A ƙasar Denmak akwai makarantun firamare na gwamnati da ke fitar da ɗalibai daga aji a kai a kai, su yi karatun yini guda a daji ko bakin teku ko lambu, wasu azuzuwan ma suna bin diddigin tambaya ɗaya na tsawon makonni ko watanni. Sunan tsarin a can shi ne udeskole. Ga wasu daga cikin tambayoyin da iyaye da malamai suka fi yi a kansa, musamman game da yaran aji ɗaya zuwa aji uku.

Wata makaranta ce ta daban, ko kuwa wani sashe ne na makarantar da aka saba?

Sashe ne na makarantar da aka saba. Yaro a Denmak yana shiga makaranta yana ɗan shekara 6, ya fara da ajin share fage wanda doka ta wajabta tun 2009, sannan ya wuce aji ɗaya. A makarantun da ke bin wannan tsari, malamin aji yakan ware yini guda ko rabin yini, a kowane mako ko bayan mako biyu, ya fita da ɗalibansa, sauran kwanakin kuma a yi su a cikin aji kamar kullum. Manhajar ba ta sauyawa: harshen ƙasa da lissafi da kimiyyar da za a koyar a kan allo su ne ake koyarwa a waje. Babu dokar da ta tilasta wa makaranta yin haka, malamai ne da kansu suka fara shi, daga baya jami'o'i da hukumomi suka shigo. Ƙididdigar da masu bincike suka yi a 2014 da 2019 ta nuna cewa kusan makaranta ɗaya cikin biyar a ƙasar tana da aƙalla aji guda da ke fita ta wannan hanya.

Daga ina tunanin ya samo asali?

Daga tushe biyu. Na farko shi ne tsohon ra'ayin Turai ta Arewa cewa ƙaramin yaro ya fi bunƙasa idan yana cuɗanya da ƙasa da tsirrai. Friedrich Fröbel, wanda ya raɗa wa makarantar yara ƙanana suna kindagatin a Jamus a 1840, yana ba yara ɗan fili su shuka abin da suke so. A farkon shekarun 1950 wata mata a Denmak, Ella Flatau, ta fara fita da ƙananan yara daji kullum, sannan a Suwidin Gösta Frohm ya kafa shirin Skogsmulle na fitar da yara daji a 1957. A 1993 aka buɗe makarantar renon yara ta daji ta farko da hukuma ta amince da ita a Jamus, a garin Flensburg, kuma a wannan shekarar ce ma'aikatan Kwalejin Bridgwater ta Ingila suka ziyarci Denmak suka koma gida da tsarin makarantar daji.

Tushe na biyu daga Amurka yake. Masanin ilimi John Dewey ya buɗe makarantar gwaji a Jami'ar Shikago a 1896, inda yara ke koyon awo da ƙirga ta hanyar girki da saƙa da aikin katako da noman lambu, sannan William Kilpatrick ya tsara hanyar koyarwa ta aikin bincike a wata maƙala da ya wallafa a 1918. Ba kowane ajin da ke fita waje ne ke yin aikin bincike mai tsawo ba, amma inda aka haɗa biyun nan ne tsarin ya fi nuna amfaninsa.

Me yaro ɗan shekara bakwai zai iya bincikawa?

A ɗauki misalin aji biyu a watan Oktoba, lokacin da bishiyoyin dazuzzukan Denmak ke zubar da ganye har ya rufe ƙasa. Malama ta tsayar da yara ta ce: kowace shekara ganye na zuba haka, me ya sa bai taru ya kai tsayin gida ba? Wani zai ce iska ke kwashewa, wata ta ce ruwan sama ke narkar da shi, wani kuma ya ce ma'aikatan daji ne ke sharewa da dare. Malamar ba za ta gyara wa kowa ba tukuna. Za ta rubuta dukkan amsoshin a babbar takarda, da sunan mai kowace amsa, a manna a bangon aji.

A fita ta gaba yaran za su tara busasshen ganye, su auna shi a sikeli, a zuba nauyi iri ɗaya a cikin jakunkunan raga, wasu masu manyan ramuka, wasu masu ƙanana ƙwarai. Kowane rukuni na yara huɗu zai binne jakarsa a ƙarƙashin ganye, ya kafa sanda, ya zana taswirar wurin: taku nawa daga kututturen da ya faɗi, ta wane gefen hanya. Yaron da ya yi sakaci da taswirarsa zai gane amfaninta bayan makonni, ranar da ya rasa inda jakarsa take. Duk lokacin da aka tono jaka za a shanya abin da ke ciki, a sake aunawa, a rubuta lambar, a cire sabon nauyi daga tsoho. A cikin jaka mai manyan ramuka za su tarar da tana da ƙananan ƙwari, ganyen ya huhhuje ya soma zama ƙasa, ita kuwa mai ƙananan ramuka galibi farar funfuna ce ta lulluɓe ta, ganyen bai ragu sosai ba. A tsakiyar hunturu, da ƙasa ta daskare, lambobin sukan kusan tsaya cik, sai wannan ma ya zama sabuwar tambaya. Idan ɗumi ya dawo, ajin zai koma kan takardar nan ta bango ya duba wace amsa ce ta tsaya da ƙafarta, sannan a haɗa ɗan littafi da zane-zane a gabatar wa iyaye ko wa ɗaliban aji ɗaya.

Wannan tsari na matakai uku, wato fara da abin da yara suka sani da abin da suke tambaya, sannan binciken ido da ido, sannan gabatar da sakamako, shi ne wanda masana biyu, Lilian Katz da Sylvia Chard, suka bayyana tun ƙarshen shekarun 1980. Abin lura shi ne cewa yawon buɗe ido na yini guda ba zai iya haifar da wannan ba. Sai an riƙa komawa wuri ɗaya kafin yaro ya ga sauyi, kuma gani ya kori ji.

To karatu da rubutu da lissafi fa? Ba za a bar yaran a baya ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma masu son tsarin sukan yi saurin wuce ta. Yaro ba ya gano alaƙar harafi da sautinsa don ya zauna kusa da bishiya. Sai an koya masa baƙi da wasali ɗaya bayan ɗaya, an maimaita, an gyara masa kuskure, haka ma ƙa'idojin tarawa da ɗebewa. Abin da aikin bincike ke bayarwa shi ne dalilin amfani da su: yaron da ke son sanin ko jakarsa ta fi ta abokinsa raguwa yana da hujjar yin ɗebewa da kyau. Shi ya sa tsarin Denmak na yini guda a waje, sauran a aji, ya fi kwanta mini a rai a kan makarantun da ke neman mayar da duk mako aikin bincike.

Sakamakon nazarce-nazarce ma bai zo iri ɗaya ba. Wani babban bincike a Denmak mai suna TEACHOUT, wanda ya bi ɗaliban aji uku zuwa shida na tsawon shekarar karatu, ya samu ƙarin ci gaba a karatu ga azuzuwan da ke fita, amma bai ga wani bambanci na a-zo-a-gani a lissafi ba. A jihar Mishigan ta Amurka, Nell Duke da abokan aikinta sun gwada koyarwa ta aikin bincike a kan ɗaliban aji biyu a makarantun unguwannin talakawa, inda aka raba malamai gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Yaran da suka yi aikin bincike sun fi sauran a ilimin zamantakewa da fahimtar rubutun bayani, amma ba su fi su a rubutu ba. A wancan gwaji an ba malamai tsararrun darussa, kuma akwai koyarwa kai tsaye a cikinsu. A Ingila kuwa, gwajin koyarwa ta aikin bincike da gidauniyar Education Endowment Foundation ta ɗauki nauyi kan ɗaliban farkon sakandare, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2016, bai nuna ci gaba a karatu da rubutu ba, har ma ya nuna alamar koma baya ga 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, ko da yake makarantu da dama sun janye kafin a kammala, abin da ya raunana sakamakon. Idan aka haɗa ukun, abin da ke fitowa shi ne cewa tsarin yana aiki ne gwargwadon shirin malami, kuma yaron da ba shi da mai taimaka masa a gida shi ne ya fi cutuwa idan aka sakar masa komai.

Akwai hujjar cewa yana da amfani ga lafiyar jiki?

Nan hujjar ta fi ƙarfi. A makarantar Rødkilde da ke Kopenhagen, wani aji ya riƙa yin yini guda a daji kowane mako daga 2000 zuwa 2003, kuma awon da mai bincike Erik Mygind ya yi ya nuna cewa motsin jikin yaran a ranar daji ya ninka na ranar aji fiye da sau biyu. Aji ɗaya ne kawai, don haka ba za a gina hukunci a kansa shi kaɗai ba, amma binciken TEACHOUT ma ya samu ƙarin motsa jiki, musamman ga yara maza. Sai kuma batun ido: a birnin Guangzhou na ƙasar Sin an ƙara wa ɗaliban aji ɗaya minti 40 a waje kowace ranar makaranta, bayan shekara uku kashi 30.4 cikin ɗari ne suka kamu da matsalar kasa ganin abin da ke nesa, alhali a makarantun da ba a ƙara ba kashi 39.5 ne. An wallafa wannan a 2015.

Ba haɗari ba ne a ba ƙananan yara wuƙa, ko a bar su kusa da wuta?

Ana ba su, amma da ƙa'ida. Mai feƙe sanda yana zaune ne, yana tura wuƙar ta gaba nesa da jikinsa, kuma babu wanda zai matso kusa da shi tazarar miƙa hannu. Akwai iyakar da ba a wucewa, akwai kuma alamar da kowa ke dawowa idan ya ji ta. Abin da ya fi damun iyaye a can ma ba wuƙa ba ne, kaska ce, domin tana iya ɗauke da cuta, shi ya sa ake roƙonsu su duba jikin yaro da yamma. Sanyi da ruwan sama ba sa hana fita, sai dai iska mai ƙarfi da za ta iya karyo reshe.

Mene ne bambancinsa da karatun gindin bishiya da ake gani a wasu ƙauyukanmu?

Mai karatu a arewacin Najeriya ko Nijar yana da haƙƙin yin wannan tambaya, domin ya san makarantun da yara ke zaune a ƙasa ƙarƙashin darbejiya saboda rufin ajinsu ya yaye ko ba a gina ajin ba sam. Bambancin a fili yake. Yaron Denmak yana da aji mai kujera da littattafai da zai koma washegari ya rubuta abin da ya gani, kuma ajinsu bai cika wuce yara ashirin da 'yan kai ba. Wancan kuwa an jingina allo ne a jikin bishiya ana yin darasin da za a yi a ɗaki, bishiyar ba ta shiga cikin darasin ba, inuwarta kawai ake sha. Bai dace a yi amfani da misalin Denmak a ƙawata rashin gina azuzuwa ba. Abin da za a iya ara shi ne hanyar aikin, kuma gonar makaranta, wadda tsofaffin ɗalibai da yawa ke tunawa a matsayin wurin noma wa malamai ko wurin horo, za ta iya ɗaukar tambaya irin ta ganyen nan: layi biyu na wake, ɗaya da taki ɗaya babu, a riƙa auna tsayinsu kowane mako daga shuka zuwa girbi.

Idan yana da amfani haka, me ya hana sauran makarantun Denmak ɗauka?

Ma'aikata da lokaci. Fita da yara ƙanana yakan buƙaci babba na biyu, kuma dole a sake fasalin jadawali domin darussan yini guda su dawo hannun malami ɗaya ko biyu, maimakon a yanka su awa-awa. Idan dajin na nesa, kuɗin mota ya shigo. Shirya darasin waje ma ya fi cin lokaci, tunda malami zai riga yaran zuwa ya duba wurin, ya kuma tanadi abin da zai yi idan tambayar da ya sa rai ba ita yaran suka ɗauko ba. Makarantun cikin birni sukan rage wahalar ta hanyar amfani da wurin shaƙatawa mafi kusa ko lambunan makaranta, kamar na shirin Haver til Maver, inda aji ke zuwa sau da dama a lokacin noma ya shuka kayan lambu, ya girbe, ya dafa a waje. Matsalar da ta fi wuyar magani ita ce, a makarantu da yawa tsarin yana rataye ne a wuyan malami ɗaya ko biyu masu sha'awarsa, ta yadda idan suka sauya wurin aiki ko suka yi ritaya, ajin da ya biyo baya yakan koma yin mako gaba ɗaya a cikin ɗaki.