Waiwaye: Bin masu tserewa a mota da asarar rayuka a titunan Amurka

Har yanzu ana kai ruwa rana a Amurka kan ko ya dace 'yan sanda su bi duk direban da ya ƙi tsayawa. Jihar Washington ta taƙaita hakan a 2021, ta sassauta a 2023, a 2024 kuma ta sakar musu mara. Masu adawa da taƙaitawar na cewa ita ta haifar da tuƙin ganganci. Sai dai kusan mutum 43,000 da suka mutu a hatsarin mota a faɗin Amurka a 2021 sun haɗa har da na jihohin da ba su taɓa dokarsu ba. Rigimar kuma ta girmi 2021 nesa ba kusa ba.

An san hukuncin Kotun Ƙoli na 1985 da ya hana harbin mai gudu sai in yana barazana ga rayuka. An kuma san yadda miliyoyi suka kalli ana bin motar O.J. Simpson, tsohon ɗan wasan ƙwallon Amurka, a talabijin a 1994. Wanda ba a cika tunawa ba shi ne hukuncin Kotun Ƙoli na 1998.

Wani dare a watan Mayun 1990, a yankin Sacramento na Kalifoniya, 'yan sanda sun je raba faɗa sai ga wasu samari biyu a guje kan babur. Ba ruwansu da faɗan. Aka ce su tsaya, mai tuƙin ya ƙara wuta. Daƙiƙa 75 kawai aka yi ana tsere a cikin unguwa, gudun ya kai kilomita 160 a awa. A wata kwana babur ɗin ya kife, motar sintiri ta taka birki amma ta makara, ta banke wanda aka goya, Philip Lewis, ɗan shekara 16, ya mutu.

Iyayensa suka shigar da ƙara. Bayan shekara takwas Kotun Ƙoli ta ce ɗan sandan da ke yanke shawara cikin ƙiftawar ido bai taka tsarin mulki ba, sai in da gangan ya yi nufin cutarwa. Hujjar tana da nauyi. Amma daga nan maganar ta koma hannun jihohi da rundunonin 'yan sanda kusan 18,000, kowacce da nata tsarin, kuma tsarin yakan bi duk inda fushin jama'a ya karkata.

Birnin Milwaukee ya taƙaita bin a 2010 bayan mutuwar mutum huɗu da ba su ji ba ba su gani ba. Da koke kan tuƙin ganganci ya yi yawa, aka sassauta a 2017. Jaridar USA Today kuwa ta ƙirga fiye da mutum 11,500 da suka mutu a irin wannan tsere daga 1979 zuwa 2013, sama da 5,000 daga cikinsu fasinjoji ne da 'yan wucewa.