Kullen korona da haƙƙin ɗan Adam: abin da aka gani a Katsina

Me ya haɗa annoba da maganar take haƙƙi?

Ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya. Kafin watan ya ƙare, ƙasashe da yawa sun garƙame jama'a a gida, suka damƙa aikin tsaron ƙofa ga masu bindiga da kulki. A watan Afrilu, Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya Antonio Guterres da shugabar ofishinta na kare haƙƙi, Michelle Bachelet, suka yi gargaɗin cewa wasu gwamnatoci na fakewa da cutar suna gallaza wa talakawa. A Filifin, shugaba Duterte da bakinsa ya ce a harbe masu tada ƙayar baya lokacin kulle.

A Najeriya ma an yi?

An yi, kuma hukumar gwamnati ce ta faɗa. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ce daga 30 ga Maris zuwa 13 ga Afrilun 2020 jami'an tsaro sun kashe mutum 18 wajen tilasta dokar kulle, a lokacin da cutar kanta ba ta kashe haka ba. Mafi yawansu a jihar Kaduna ne.

To mu nan Katsina fa?

Daura aka fara kullewa, a watan Afrilu, bayan wani likita ya rasu da cutar, gwamnan lokacin, Aminu Bello Masari, ya ce ba shiga ba fita. Kafin nan an yi tarzoma a Kusada kan hana sallar Juma'a, har aka ƙona ofishin 'yan sanda. Amma wahalar da ba ta shiga rahoto ba ta fi yawa. Mai shayin da in bai hura wuta da asuba ba babu cefane a gidansa. Matar da ta jiƙa wake tun dare, ta kai niƙa, sannan aka ce ba za a soya ƙosai a bakin titi ba. Ga iyakar Nijar a rufe tun Agustan 2019, ga azumi ya kama a ƙarshen Afrilu. Wanda ke jiran albashi a banki zai iya zama a gida, amma ɗan acaɓa da ɗan dako sai sun fita suke ci.

Ashe gwamnati ba ta da ikon hana fita?

Tana da shi. Sashe na 45 na tsarin mulkin 1999 ya yarda a taƙaita zirga-zirga da taro saboda lafiyar jama'a, ga kuma dokar killace masu cuta ta 1926 da aka dogara da ita. Sharaɗin da dokokin duniya suka gindaya shi ne takurar ta zama ta dole, daidai gwargwadon haɗarin, ba tare da nuna bambanci ba, kuma ta ɗan lokaci. Babu inda aka rubuta cewa a sa magidanci tsallen kwaɗo a gaban 'ya'yansa, ko a karɓi na goro a shinge a bar mota ta wuce. Wannan na ƙarshe ma, in ka duba, shi ya fi taimakon cutar.

Kwashe almajirai da aka yi fa?

Gwamnonin Arewa sun amince a mayar da almajirai jihohinsu. Aka cusa yara a motoci aka ƙetara da su jihohi, a daidai lokacin da ake wa'azin ba da tazara. Kaduna ta sanar cewa da dama cikin yaran da aka kawo mata daga Kano suna ɗauke da cutar.

Manyan ƙasashen da ke nuna wa wasu yatsa kan take haƙƙi, hannunsu a wanke yake?

A'a. Sun saye allurar rigakafi fiye da buƙatarsu, Najeriya kuwa sai 2 ga Maris 2021 ta karɓi kashin farko ta COVAX, shirin duniya na raba rigakafin ga ƙasashe, kusan allurai miliyan 4. Wasu da aka aiko daga baya wa'adinsu ya kusa cika, har a Disambar 2021 aka lalata fiye da miliyan 1 a Abuja.