Koyon zane da fenti: amsoshin tambayoyin masu farawa

Ban taɓa zana abin kirki ba. Shin sai mai baiwa ne ke iya zane?

A'a. Abin da ke hana mai farawa ci gaba yawanci ba hannunsa ba ne, idonsa ne. Ka ce masa ya zana kofin shayi, sai ya zana kofin da ke cikin kansa, baki a zagaye kamar faifai, gindi a miƙe. Alhali kofin da ke gabansa bakinsa a matse yake kamar ƙwai, gindinsa ma a lanƙwashe. Koyon zane shi ne ka daina zana abin da ka sani, ka zana abin da kake gani.

Atisaye biyu ne ke saurin karya wannan ɗabi'a. Na farko, ka samo zane mai layuka kawai, ka juya shi kai ƙasa, ka kwafe shi a haka. Tunda ƙwaƙwalwa ba ta gane abin ba, dole ta bi layi da kusurwa. Na biyu, ka ajiye kujera, kada ka zana ta, ka zana sararin da ke tsakanin ƙafafunta. Idan sararin ya yi daidai, kujerar za ta fito da kanta.

Wane kayan aiki zan saya?

Fensir uku sun isa: HB, 2B da 6B. Bakin fensir haɗin girafayit ne da yumɓu. Idan yumɓun ya yi yawa sai ya yi tauri, layinsa ya yi haske, shi ne mai alamar H. Idan ya yi kaɗan sai ya yi laushi da baƙi, shi ne mai alamar B. Da HB za ka shimfiɗa sura, da 2B ka sa inuwa, 6B kuma na wurin da ya fi ko'ina duhu ne kawai. Kada ka danna fensir mai tauri don neman baƙi. Zai yi wa takarda rami, kilina ba ta goge rami.

Takardar fotokwafi mai giram 80 (giram ma'aunin nauyin takarda ne) ta wadatar wa atisaye, kuma arharta alheri ce, domin mai tsoron ɓata takarda ba ya sakin hannu. Ka fiƙe fensir da reza yadda bakinsa zai fito kamar santimita 1, don ka iya kwantar da shi ka yi inuwa da gefensa. Sauran kaya su jira.

Me zan fara zanawa?

Abin da ke cikin gida: buta, ƙwarya, tulu, kwalin ashana, albasa. Kusan duk abin da ido ke gani ana iya mayar da shi sura huɗu, wato ƙwallo, akwati, gwangwani da mazurari. Buta ƙwallo ce da aka ɗora wa gwangwani, aka manna mata hanci. Ka fara da waɗannan manyan surori da layi mara nauyi, ado ya zo daga baya. Wanda ya fara da zanen adon jikin ƙwarya kafin ya daidaita faɗinta, zai gama aikin awa biyu a kan ƙwarya karkatacciya.

Ga yadda ake awo. Ka miƙe hannu gaba ɗaya, fensir a tsaye, ka rufe ido ɗaya. Kan fensir ya daidaita da saman abin, babban yatsa ya tsaya inda gindinsa yake. Sai ka kwantar da fensir ka ga sau nawa wannan tsawon ya shiga faɗin. Idan ka lanƙwasa gwiwar hannu tsakanin awo da awo, lissafin ya rushe. Minti 30 kullum ya fi awa huɗu ranar Asabar kaɗai.

Surar tana fita daidai, amma zanen a shafe yake, ba shi da jiki. Ina matsalar?

Haske da inuwa. A nan ne ya kamata mai koyo ya fi daɗewa, domin duk wanda bai iya wannan ba, launi ba zai cece shi ba.

Ka ja akwatuna biyar a jere. Na farko ka bar shi fari, na biyar ka cika shi da 6B iya baƙinsa, na uku ya zama tsakiya, sannan ka cike na biyu da na huɗu. Yawancin masu farawa idan suka kara wannan ma'auni da zanensu, sai su tarar duk aikin ya tsaya tsakanin akwati na biyu da na uku. Tsoron baƙi ne ya jawo.

Sannan ka ɗora ƙwai a kan farar takarda, ka kashe fitilar ɗaki, ka haska shi da tocila ɗaya daga gefe. Fitila biyu na haifar da inuwa biyu, su rikita mai koyo. Za ka ga ɗigon ƙyalli inda haske ya fi bugawa, sai ɓangaren haske, sai wurin da ya fara juyawa. Daga nan sai wani zirin duhu, wanda shi ne cibiyar inuwa. Abin lura, wannan ziri ba a bakin ƙwan yake ba. Bayansa akwai ɗan haske da ya dawo daga takardar ƙasa. Sai kuma inuwar da ƙwan ya jefa a ƙasa, wadda ta fi duhu daidai inda ya taɓa takarda, tana laushi idan ta yi nisa.

Kuskuren da aka fi yi yana kan hasken nan da ya dawo. Ido na ganinsa da ƙarfi saboda duhu ya kewaye shi, sai mai zane ya goge wurin ya yi fari tas, nan take ƙwan ya baje. Ƙa'idar ita ce, wurin da ya fi haske a cikin inuwa dole ya fi kowane wuri na ɓangaren haske duhu. Idan kana shakka, ka ƙanƙance idanu har abin ya dushe, za ka ga kashi biyu kawai, haske da duhu. Su za ka fara sawa.

Ka kuma rage murza zane da yatsa. Maiƙon fata na kama garin fensir ya bar tabo, kuma murza komai na mayar da ƙarfe da ƙyalle da fata duk abu guda.

Gine-ginen da nake zanawa kamar za su faɗi.

Ba ka sa layin ido ba. Kafin komai ka ja layi a kwance daidai tsayin idonka. Duk layin ginin da ke nisa da kai, idan yana sama da idonka gangarowa yake zuwa wannan layi, idan yana ƙasa hawa yake, kuma layukan da ke tafiya tare a wuri ɗaya suke haɗuwa. Bangon da ke tsaye ya tsaya cak. Tsohon soro mai zanko ya fi ginin bulo yafiya, tunda gefensa ba a miƙe sarai yake ba, amma ƙofar zaurensa na bin wannan doka.

Ina da damuwa kan zanen abu mai rai. Zan iya koyo ba tare da shi ba?

Ƙwarai. Hukuncin wannan na malamai ne, mutum ya tambayi wanda ya amince da iliminsa. Ta fuskar sana'a kuwa, awo da inuwa da launi duk ana koyonsu a kan tukwane, itatuwa, duwatsu da gine-gine. Kuka kaɗai, da reshe da saɓar jikinta, darasin wata guda ce. Ga kuma zayyana, da dagi, da adon bango irin na tsofaffin gidajen Zariya da Kano da Damagaram, waɗanda ke buƙatar daidaiton hannu ba kaɗan ba.

Da wane fenti zan fara: na ruwa, akirilik ko na mai?

Fentin ruwa ya fi arha, amma ba shi ne mafi sauƙi ba. Abin da ke riƙe garin launinsa ƙaro ne, wanda ake samu a Sudan da Cadi da Borno da Yobe, irin wanda ake sawa a tawadar allo. Ana aiki da shi daga haske zuwa duhu, farinka kuwa takardar ce, idan ka rufe ta ya tafi. Yana ƙara haske idan ya bushe, don haka ka sa shi ya ɗan fi yadda kake so ƙarfi. Yana son takarda mai giram 300. Mai sirara tana kumbura, ruwan ya taru a kwari. Idan shafi ya fara bushewa kada ka koma masa da jiƙaƙƙen burushi, ruwan zai ture launin ya bar tabo mai baki-baki. Ka jira ya bushe sarai.

Akirilik, wato fenti mai sinadarin roba da ake tsinkawa da ruwa, shi muka fi ba mai farawa shawara, domin kuskure na rufuwa da wani shafi. Yana ɗan ƙara duhu idan ya bushe. Matsalarsa saurin bushewa, balle da hunturu, lokacin da zai iya yin fata kafin ka gama haɗa launi. Maganin: ka samu roba mai murfi, ka shimfiɗa jiƙaƙƙen soso ko tsumma a ciki, ka ɗora takardar gashin kek a kai, ka matsa fentin a bisanta. Danshin da ke ratsowa zai riƙe shi. Kada ka bar fentin ya bushe a gindin gashin burushi, idan ya bushe roba ya zama, burushin ya tashi aiki.

Fentin mai ba ƙafewa yake yi ba, iska ce ke sa man ya daskare a hankali, shi ya sa yake ɗaukar kwanaki. Shafin ƙasa ya zama siriri mai ƙarancin mai, na sama ya fi shi mai. Idan aka juya, na sama ya riga bushewa, na ƙasa na motsi, sai fuskar zanen ta tsattsage. Ba a sa masa banish, wato shafin kariya na ƙarshe, sai bayan wata 6 ko fiye. A buɗe taga saboda warin sinadarin tsinka fenti. Tsumman da ya sha man linsid, wato man da ake haɗa wannan fenti da shi, kuma kada a dunƙule shi a kwando, yana iya yin zafi har ya kama wuta da kansa. A shanya shi a waje ko a jiƙa shi da ruwa.

Launukana na komawa kamar laka.

Ka haɗa da yawa ne. Ja da rawaya da shuɗi idan suka haɗu a wuri ɗaya, toka-toka ko ruwan ƙasa suke bayarwa. Ka tsaya a launi biyu, ko uku da fari. Idan launi ya cika ƙara, ka kashe shi da ɗigon kishiyarsa: kore ga ja, ruwan goro ga shuɗi, shunayya ga rawaya. Baƙi ba shi ne maganin kowace inuwa ba. Ka zuba shi a rawaya ka gani, wani kore mai datti zai ba ka. Ka riƙa ɗiban mai duhu kaɗan-kaɗan kana sawa cikin mai haske, ba akasin haka ba, in ba haka ba farin fentinka zai ƙare a banza.

Ƙarancin launi ba talauci ba ne. Anders Zorn, mai zanen ƙasar Suwidin da ya rasu a 1920, an san shi da aiki da launi huɗu: fari, baƙi, ja da rawaya mai ruwan ƙasa. Wata guda da waɗannan huɗu zai koya maka haɗi fiye da akwati mai launi 24.

Me zan ƙaru da shi idan na shiga cikin masu zane? Ba zan iya koyo ni kaɗai ba?

Za ka iya, amma a hankali. Wanda ya yi awa uku yana kallon zanensa idonsa ya saba da kuskuren, wani kuwa cikin daƙiƙa zai ce hancin butar ya zame. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar masu zane. Cikinsu akwai Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Suna ɗalibai suka zauna suna muhawara kan yadda za a haɗa dabarun da Turawa ke koya musu da adon gargajiyar garuruwansu, kuma daga wannan zama aka samu wasu daga manyan masu zanen Nijeriya.

Sai dai ba kowane taro ne ke gyara mutum ba. Inda duk abin da ka nuna amsar ita ce "Masha Allah, ya yi kyau", za ka ji daɗi, ba za ka motsa ba. Ka nemi inda ake ba da aikin mako, kowa ya zana abu ɗaya, inda kuma akwai waɗanda suka fi ka. Ka kuma iya tambaya. "Ya kuka gani?" ba ta kawo komai. Ka ce: "Malam, na zana tulun nan da 2B, hasken daga hagu yake, amma wuyansa kamar ba a kan jikin yake zaune ba. Ina na kauce?" Ka haɗa da hoton tulun na gaske. Idan mutum biyar suka faɗi abu biyar, ka ɗauki wanda ya shafi sura tukuna, sannan inuwa, launi a ƙarshe. Ka sake zanen daga farko a sabuwar takarda, kada ka tsaya faci.

Idan kai ne mai gyara, ka nuna wurin, ka faɗi dalili. Kada ka ja layi a kan aikin wani sai da izininsa.

Kwafar aikin wani laifi ne?

Don koyo, a'a, haka aka saba tun da. Amma ka rubuta sunan mai aikin, kada ka sayar, kada ka ce naka ne. Masu raba hoto gida-gida su kwafe shi akwati bayan akwati na samun kama sosai, sai dai wannan dabara ba ta koyar da gina sura. A ɗauke hoton, a ajiye musu buta, sai hannu ya tsaya. Ka raba lokacinka, rabi hoto, rabi abin da ke gabanka.

Idan na ɗauki hoton zanena da waya sai ya lalace.

Ka fitar da shi inuwa da rana, ba cikin hasken rana kai tsaye ba, kuma ka kashe filasha, domin 6B na ƙyalli. Ka goge gilashin kyamara. Wayar ta fuskanci takardar daidai, gefunansu a jere, in ta karkata awonka zai bayyana a karkace, a gyara maka kuskuren da ba ka yi ba. Ka ɗan ja baya sannan ka yanke gefen hoton, saboda kyamara na kumbura abin da ta matsa kusa da shi. Idan ta WhatsApp za ka tura, ka aika shi a matsayin fayil, don kada a matse hoton siraran layukan fensir su ɓace.