Waiwaye: Yadda Faifan CD Ya Samu Sunayen Waƙoƙinsa

Lokacin da kamfanonin Philips da Sony suka fito da faifan CD kasuwa a shekarar 1982, ba su tanadi wurin rubuta sunan mawaƙi ko na waƙa a cikinsa ba. Abin da ke farkon faifan, kusa da ramin tsakiya inda na'ura take fara karatu, jadawali ne kawai mai nuna yawan waƙoƙin, waɗanda ba sa wuce 99, da daidai inda kowacce ta fara, a lissafin minti da daƙiƙa da kashi ɗaya cikin 75 na daƙiƙa. Sunaye kuwa a takardar da ke cikin murfi aka bar su.

Da jama'a suka koma sauraro a kwamfuta sai giɓin ya fito fili. Ti Kan, wanda ya rubuta manhajar kunna faifan CD a kwamfuta mai suna xmcd a 1993, shi da Steve Scherf suka dogara da cewa da wuya tsawon waƙoƙin faifai biyu ya zo daidai, suka mayar da jadawalin nan tamkar zanen yatsa. Manhaja takan fitar da lambar shaida daga cikinsa, ta aika ta intanet zuwa rumbun bayanan da suka kafa mai suna CDDB, sunayen su dawo. Idan rumbun bai san faifan ba, mai faifan ne zai zauna ya buga sunayen ɗaya bayan ɗaya, ya tura domin amfanin na baya. Shi ya sa kuskuren rubutun mutum ɗaya yakan bayyana a allon mutane masu yawa, wani lokaci ma faifai ya fito da sunan wani kundin daban saboda lambobinsu sun zo iri ɗaya.

A 1996 aka ɓullo da tsarin CD-Text, wanda Sony ya jagoranta, ana adana rubutun a cikin faifan kansa, a wasu ƙananan hanyoyin bayanai da aka bari kusan fanko tun farko. Dabarar ta yi kyau, amma ta makara, domin na'urori da kamfanonin waƙa da yawa ba su kula ta ba.

Abin takaici shi ne makomar CDDB. An sayar da shi ga kamfanin Escient a 1998, sunansa ya koma Gracenote a 2000, sannan aka gindaya wa masu manhajoji sharuɗɗan lasisi a kan bayanan da jama'a suka tara da guminsu kyauta. A ganina wannan cin amana ne, kuma fushin da ya biyo baya ne ya raya wasu rumbunan bayanai biyu na kyauta, freedb da kuma MusicBrainz wanda Robert Kaye ya kafa. An rufe freedb a 2020, MusicBrainz kuwa har yanzu 'yan sa-kai ne ke cika shi da gyara shi.