Waiwaye: Yadda Gwaji Ya Daina Wadatarwa a Manhajar Ƙananan Na'urori

Tun da sola ta yawaita a Garwa, Marwa da Kuseri da ke arewacin Kamaru ake ta muhawara tsakanin masu haɗa kayan lantarki a kan ƙananan na'urorin da ke sarrafa famfon foraj da cajin batura, waɗanda kan sandare haka kawai sai an kashe an sake kunnawa. Wasu na ɗora laifin kan zafin Maris da Afrilu, wasu kan ƙurar hunturu, kuma da gaskiyarsu. Sai dai wani kaso na matsalar a cikin manhaja yake, kuma ya girmi yawaitar solar kanta, domin tambayoyi biyu ne ba a amsa su kafin a fitar da na'ura: wane ne lokaci mafi tsawo da aiki zai iya ɗauka, kuma ina iyakar ƙwaƙwalwar da zai iya ci?

Farkon labarin sananne ne. A 1973 Liu da Layland suka nuna yadda za a tsara ayyuka a kan firosesa ɗaya, wato ɓangaren na'ura da ke aiwatar da umarnin manhaja, kowanne ya kammala kan kari, da sharaɗin an san lokacin da kowanne ke ci. A 1977 Patrick da Radhia Cousot, a Faransa, suka kafa hanyar nazarin manhaja ta lissafi ba tare da an kunna ta ba. A tsofaffin firosesoci lissafin bai da wuya, tunda kowane umarni yana da ƙayyadadden lokacinsa a rubuce.

Inda al'amarin ya juya, wanda ba kasafai ake ambata ba, shi ne 1999. Kafin nan firosesoci sun riga sun samu ƙaramar ma'ajiya mai sauri a kusa da su, ta yadda umarni ɗaya zai iya gudana da sauri yanzu, anjima kuma ya yi jinkiri idan abin da yake nema ba ya cikinta. Injiniyoyi suka ɗauka mafita mai sauƙi ce: a ƙaddara cewa kullum ba a samu ba, sai lissafin ya fito da mafi munin lokaci. A wannan shekarar ne Thomas Lundqvist da Per Stenström na jami'ar Chalmers da ke Suwidin suka nuna cewa a firosesar da ke sauya jerin umarni da kanta, saurin da aka samu a wani wuri yana iya jawo jinkirin aikin gaba ɗaya. Wato ƙaddara mafi muni a kowane mataki ba ya tabbatar da mafi muni a ƙarshe. Idan lissafi mai tsantseni irin wannan zai iya kuskure, ina ga gwajin awa biyu a kan teburin shago? Daga nan dole ta sa aka koma kwaikwayon cikin firosesa dalla-dalla, kuma kamfanin AbsInt na Jamus, wanda aka kafa a 1998, ya samar da manhajar da aka yi wannan nazari da ita a jirgin sama na A380. Ilimin ya zauna a masana'antar jirage da motoci, inda ake da kuɗinsa.

Kayan aikin kuwa suka sauko ƙasa. A cikin ƙananan allunan lantarki da ake ɗora wa manhaja, Arduino ya fito a 2005, ESP32 a 2016, kuma shi na biyun yana karanta manhajarsa ne ta irin waccan ma'ajiya. A ganina nan giɓin yake: allunan sun iso kasuwanninmu da araha, amma ɗabi'ar lissafi ba ta biyo su ba.

Tambaya ta biyu, ta ƙwaƙwalwa, wato batun sitak, ta fi kusa da mu. Wuri ne da manhaja ke jera bayanan kowane aiki da ta kira, kamar kwanukan da aka ɗora wani kan wani, kuma a Arduino Uno duka ƙwaƙwalwar aikin bait 2,048 ce, wato gurbin haruffa kamar dubu biyu. Ranar da kiran gaggawa daga wani ma'auni ya faɗo daidai lokacin da jerin ya kai ƙololuwa, sitak ya malala cikin sauran bayanai, kuma wannan haɗuwa tana iya yin watanni ba ta auku ba. Shi ya sa ƙa'idojin rubuta manhajar motoci na MISRA C na 1998 suka hana aiki ya riƙa kiran kansa. Tun 2011 manhajar GCC, mai fassara rubutun manhaja zuwa harshen na'ura, wadda kyauta ce, tana iya fitar da adadin sitak da kowane aiki ke ci, saura mai haɗa na'ura ya bi jerin kira mafi zurfi, ya tara, ya ƙara kason kiran gaggawa, sannan ya gwada jimillar da abin da allonsa ke da shi.